Bagaruwar da Inna ta tauna

Malamin asibiti a Isa ya kwance tsumman ƙafar Baba, ya dube mu.

"Mi kuka sa ma ciwon ga?"

Inna ta ce, "Bagaruwa na tauna na liƙa mai."

Ya ce, "Inna, baki cike yake da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Wasu na taimakon jiki, wasu in sun shiga rauni ba ya haɗewa, balle ga mai ciwon suga."

Saran fartanya ne fa kawai. Yatsu biyu aka yanke mai.

Jiya za ni Sakkwato, na duƙa Inna ta tofa min addu'a kamar kullum. Sai ta rufe bakinta da mayafi.

Jama'a, mi za ni ce mata?