Sandar Fatsar da Ta Ƙi Bushewa

Mailafiya mutumin Yawuri ne, masunci ɗan masunta, amma Allah ya ɗauko shi ya ajiye a garin da ko kwaɗo ba ya kuka. Ya zo hajji shi da matarsa Ɗaso, abokan tafiya suka juya gida, shi ya yi zamansa. Ya kama ɗaki a unguwar Jarwal, a shekarun nan da ake ta rushe gidaje ana faɗaɗa Harami. Sana'arsa gyaran sandunan gora da dattawan Makka ke dogarawa: ya gasa su a wuta su miƙe, ya goge, ya shafa musu warnish, man nan mai sa itace sheƙi. Hannunsa dai babu laifi. Bakinsa kuwa, duk ranar da ya ba da labarin giwan ruwan da ya taɓa kamawa, sai kifin ya ƙara tsawo.

Mai sauraronsa shi ne Lurwanu direban lori, haifaffen Makka, wanda rabin Hausarsa Larabci ce. Duk Alhamis yana Jidda, can bakin teku. Ammi yake kiran dattijon, wato baffa. Rannan sai ga shi da gora doguwa siririya.

"Ammi, ka yi min sandar fatsa. Zan gwada baharin nan."

"Kai da ba ka taɓa ganin kifi ba sai a faranti?" in ji Mailafiya. Amma ya karɓa.

Bai taɓa yin aiki kamar wannan ba. Ya miƙe gorar, ya ɗaure mata zobban waya da zaren siliki, sannan ya shiga shafa. Da yatsa yake yi, siriri-siriri, bayan ya rufe taga ya yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Sai shafi ya bushe ƙayau yake ɗora wani. Ba a jima ba sanda ta gamu. Ya sauko da ita daga ƙusar da ya rataye ta, ya kaɗa ta a tsakar ɗaki, ya ji wuyan hannunsa bai manta komai ba.

 Mailafiya ba shi da igama, takardar zama, ga kuma askarawa a hanyar Jidda. Tun da jirgi ya sauke shi bai sake ganin ruwan da ya fi na randa ba. Yanzu wai Lurwanu ne zai tsaya a bakin teku, ya riƙe wannan sanda kamar ƙarfen tayar da lori, kifi kuma ya zo masa? Sai dattijo ya sake buɗe gwangwanin warnish.

"Ammi, halas? An gama?" in ji Lurwanu ran Alhamis.

"Ƙuda ya sauka a kanta. Sai na sake shafi."

Wata Alhamis ƙura ce. Ta gaba kuma ƙudan ya dawo.

Ɗaso tana tankaɗe ta ce, "Malam, ƙudan nan naka ya san kwanaki. Ba ya sauka sai ranar da Lurwanu zai tafi Jidda."

"Ke me kika sani a kan warnish?"

"Ban san warnish ba. Kai na sani."

Sanda ta yi ta ƙiba, tana ƙyalli kamar goshin mai toya ƙosai. Mailafiya ya fi kowa sanin cewa shafi in ya yi kauri ba ya jure lanƙwasa, amma hannunsa ya ƙi tsayawa.

Ranar da haƙurin Lurwanu ya ƙare, da kansa ya sauko da ita daga ƙusa. Ya ɗan tanƙwara ta don ya gwada, sai aka ji ƙas-ƙas. Warnish ya tsattsage tun daga kai har gindi, yana zuba kamar ɓawon ƙwai.

"Ma'alesh, ba komai, Ammi," in ji Lurwanu. Ya jingine ta da bango ya fita.

Mailafiya ya zauna yana kallon aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa. Ya yi zaton zai ji sanyi a ransa. Bai ji ba.

Ran Asabar Lurwanu ya dawo da kifi ja, ƙato, a nannaɗe cikin buhu mai ƙanƙara. Masuntan Jidda ne suka nuna masa: zare kawai ake naɗewa a gwangwani, a wurga.

Mailafiya ya juya kifin, ya buɗa kunnensa, ya taɓe baki.

"A Yawuri da irin wannan muke yin koto a ƙugiya."

Ɗaso ta ɗauke kifin ta nufi murhu. Lurwanu ya miƙe zai tafi, sai dattijon ya riƙo masa riga.

"Zauna tukuna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da ya ja zaren, yaya ka ji a hannunka?"