Su Sun Shirya, Ni da Bulus Ba Mu Samu Dama Ba

Ina cikin keke ɗazu daga Samaru zuwa Sabon Gari, sai na ji rediyon direba na cewa manyan jam'iyyun nan biyu da suka fafata a zaɓen da ya wuce sun ƙulla ƙawance, za su raba shugabancin majalisar tarayya a tsakaninsu.

Gidan Bulus tela na nufa, gaisuwar mutuwa. Shekaranjiya aka binne shi.

Tun muna firamare muke tare da Bulus. Ana gab da zaɓen 'yan majalisa muka yi musu a shagonsa, kowa na kare gwaninsa, har na gaya masa baƙar magana na fice. Ban sake taka shagon ba. Bayan zaɓe ya kira ni sau biyu, na ƙi ɗauka.

Matarsa, Maman Rahila, tana ganina ta share hawaye.

"Malam Sani, sai yau?"

Na ce, "Wallahi ban san yana kwance ba."

Ta ce, "Ai daga gadon asibiti ya kira ka. Na ce bari in je Samaru in same ka da kaina, ya hana ni. Cewa ya yi in ƙyale ka, kana da zuciya amma ba ka da riƙo, da kanka za ka zo."

Na zauna a tabarma na kasa ɗaga kai. Na zo ɗin, amma babu wanda zan ba haƙuri.

Jama'a, akwai wanda kuka daina gaisawa da shi saboda zaɓen nan? Me kuke jira?