Butar Beryl

Wilf Holroyd maƙwabcina ne a Barnsley, bango ɗaya ya raba mu. A ramin kwal ya ƙarar da ƙarfinsa, ya fito da gwiwoyi matattu da baƙin taurin kai. Tun da matarsa Beryl ta rasu, buri ɗaya ya rage masa: ya cika a gidan da ta cika, yana jin gurnanin tattabarunsa a bayan gida.

Sai masu gidan suka canja masa akwatin wuta, wai sabuwar doka. Irin mai makunnin nan ne da yake yanke wuta da kansa da zarar wani kayan lantarki ya samu matsala. Don tsabar rashin tunani suka liƙa shi a lungun ƙarƙashin matakala, inda sai mutum ya durƙusa. Wilf kuwa ya manta rabonsa da durƙuso.

Wuta ta fara ɗaukewa, yau lafiya, gobe ɗif. In ina gida ya buga bango da sanda in je in mayar. In ina wurin aiki, haka zai wuni cikin sanyi.

A haka 'yarsa Janice ta same shi da ta zo daga Leeds, yana ƙudundune cikin kwat, firji yana wari.

"Baba, kai kake kashewa ka manta," in ji ta. "Ɗazu ma da sunan Mama ka kira ni."

"To ba bakinku ɗaya ba wajen mita? Ni da na tsufa a duhun rami, ke za ki koya wa kunna fitila?"

Na dami masu gidan har aka turo mai gyara. Yana shigowa Wilf ya yi abin da kowa yake yi: "Samari, a ɗora shayi?" Wane ma'aikaci ne a garin nan yake shiga gidan mutum ya ƙi shayi? Wannan ya ƙi! Ya ɗaga kofin da ya sayo a hanya, wai sauri yake. Ya gwada wayoyin bango, ya ce lafiya ƙalau, kayan gida kuma ba aikinsa ba ne.

Shi ke nan Janice ta samu hujja: tunda waya lafiya, kan tsohon ne ba lafiya. Kafin Kirsimeti an samar masa gurbi a gidan tsofaffi, an rabar da tattabaru. Ranar tafiya ya miƙo mini tsohuwar butar lantarkin Beryl.

"Riƙe, Enid. Can ba sa barin mutum ya dafa shayinsa. Wai hatsari ne."

Da tawa ta lalace sai na jona ta Beryl. Ranar farko lafiya. Washegari ruwa yana shirin tafasa, gidana ya yi ɗif. Na ɗaga butar, gindinta sharkaf, wata 'yar tsaga tana ɗigar da ruwa daidai inda wuta take shiga. Da wancan ɗan banzan mai gyaran ya karɓi shayi, da a gabansa wutar za ta ɗauke.

Na kira Janice na gaya mata. Ta ce an riga an ba wasu gidan.

Na je gidan tsofaffin na sami Wilf a bakin taga, an sa masa rigar sanyin da ba tasa ba.

"Buta ce, Wilf. Ba kanka ba ne."

Ya juyo ya dube ni.

"Ai na gaya musu," in ji shi. "Kada dai ki yar da ita."