Disket daga Yamai

Shekarar da aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, a biron porjen raya karkara da nike aiki a Keita, ni ce sakatera. Ban iya komai a kanta ba sai bugun takardu. Mai gyaranta yana can Yamai. In ta rikice sai in jona mata igiyar tarho, ya shiga cikinta daga can ya daidaita ta, ni kuwa ina zaune ina kallon rubutu yana tafiya shi kaɗai.

Da damina ta zauna, iska ta kada sandunan tarho a hanyar Tawa. Ba a jima ba ordinatar ta daina tura aiki ga injin da ke fitar da takarda. Direbanmu ya kai ma mai gyaran labari, da ya dawo daga Yamai ya miƙo mini disket, ɗan faifan da ake sa ma ordinatar.

"Madam, mai gyaran ya ce ki sanya wanga ciki. Ita da kanta za ta shirya kanta, ba sai da tarho ba."

Na sanya. Rubutu ya yi ta gudu har na fara jin sanyi a raina, sai ya tsaya cak a kan wata tambaya da Ingilishi. Mu kuwa Faransanci muka yi a lakkol, makarantar boko. Na kira wani malamin gona, Kirista, wanda ya taɓa aiki a asibitin mishan ya tsinci Ingilishi kaɗan. Ya duƙa ya karanta.

"Tana tambaya ko ta shafe na da, ta sa sabo."

"Na da wane? Har da aikinmu?"

"Ba ta faɗi ba."

Shugaban biro ya leƙo ya ce, "Ke kika san ta," ya koma ofishinsa. Na wuni gabanta. In na kai yatsa sai in janye. Aikin gandun daji na shekara duka yana ciki, kuma babu wanda zan tambaya. Da la'asar aka kashe gurup, injin da ke ba mu wuta, don man gazuwal ɗinmu ba shi da yawa, allon ya yi baƙi da tambayar a kansa. Washegari ta ƙi tashi.

Na koma kan tsohon keken rubutu har aka yanke hatsi. Sannan mai gyaran ya zo. Ya saurare ni har na gama, ya ce ko wace amsa na bayar da babu abin da zai ɓace. Ɗauke wutar tana tsakiyar aiki ne ya lalata ta.

 Na taya shi naɗe ta cikin bargo, aka ɗaure ta a bayan mota, zai tafi da ita Yamai gyara.