Wayar da Na Yanka a Jega

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Umaru, mai kula da gidan janareton da ke ba wata unguwar Jega wuta. Ni manomin albasa ne a Aliero, har gobe ban san kan lantarki ba.

A bayan gidan janareton akwai ramin da ya binne sandar tagulla cikin gawayi da gishiri. Duk rani sai ya yi wa ramin ban ruwa. Nakan tsokane shi in ce yaushe za mu ci albasar ƙarfen nan. Ya yi dariya ya ce, "Bari hwa, Sani. In wuta ta ɓace hanya, nan taka bi ta shige ƙasa. In ba ta samu nan ba, jikin mutum taka bi."

Wata Laraba na kai masa ziyara ban same shi ba. Na ga wata waya tsirara ta bi gindin bango ta nutse cikin ƙasa, ba ta kunna komai. Injin ban ruwana na son ɗauri, sai na yanki kamu biyu na tafi. Ko kusa ban haɗa ta da ramin ba.

Bayan kwana tara Umaru ya dafa jikin janareton, bai sake tashi ba. A wurin zaman makoki wani abokin aikinsa ya ce an yanke wayar ƙasa. Kowa ya tsine wa ɓarayin tagulla. Ni kuwa ina zaune ina karɓar gaisuwa.

Yanzu ƙauyukan Maiyama sun samu tashoshin sola. Da yana raye, na san ba faifan hasken rana zai fara kallo ba, durƙusawa zai yi ya nemi wayar nan. Ni ma haka nake yi. A ƙauyen Mungadi sun ɗauka taɓin hankali gare ni, don duk zuwana sai na roƙi bokiti na jiƙa musu ramin wayar tasharsu.

Abin da ya rage mini na Umaru ke nan, sai tsoron matarsa Hajo, wadda har yau take addu'a Allah Ya tona asirin wanda ya yanki wayar. A gabana take yi, ina cewa amin.

Hajo, an karɓi addu'arki. Ni ne.