Tuluna Sha Huɗu a Barandar Bature

Har gobe ban mance da ranar da na jera tuluna a barandar Baturen dabbobi ba. Zamanin Turawa ne, ina aikin raino a barikin Haɗeja. 'Yarsa da nake riƙo shekararta biyu, mu ma'aikata muka sa mata Talatu.

Ku na yanzu ba ku san tsarin gidan Bature ba. Kuku ne babba. Mai raino ba ta kai magana gaban uwargida sai ta bakinsa, wadda ta tsallake shi kuwa ta naɗe tabarmarta. Aikina dafa ruwan yarinya, tacewa, wanka da wankinta.

Da sanyi ya shigo, Bature ya ce hutun Kirsimeti zai kai iyalinsa ƙauyukan kan duwatsu, can kudu wajen Ningi, su kwana biyar a sama. Aka lissafa tanti, gadaje, fitilu, 'yan dako. Ba wanda ya ambaci ruwa. Mu mutanen kogi ne, wa zai tuna?

Ni ban taɓa ganin dutsen da ya fi na niƙa ba. To masu kawo dutsen niƙa kasuwa daga can suke zuwa, sai na nemi wata a cikinsu.

Ta ce, "Ruwa a sama? Yarinya, da an gama girbi sai gindin dutse. Tulu ɗaya, hawa ɗaya, hantsi ya yi."

Na gaya wa kuku, Malam Bukar.

Ya ce, "Kande, Bature da taswirarsa, ke da mai dutsen niƙa? Je ki wanke buje."

Na ce, "Baba, in ruwa ya yanke Talatu me za ta sha, taswira?"

Ya juya mini baya.

Na kwana biyu ina tunanin tabarmata. Rana ta uku, duk tulun da mai ɗebo ruwa ya juye, sai in ɗauka in ajiye a baranda. Ban ce wa kowa uffan ba. Kafin la'asar sun kai sha huɗu, har uwargida ta rasa inda za ta taka.

Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Kande, mene ne wannan?"

Ita ta tambaya, ba ni na tsallake kowa ba. Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, ruwan gidan nan ne na yini ɗaya. A can, kowane tulu mace ce za ta hau dutse da shi, ta bar 'ya'yanta da ƙishi. Ran da suka gaji, Talatu ba ta da na sha."

Ta ƙirga da yatsa, ta shige ciki. Washegari aka sake shiri: tanti a gindin dutse kusa da rijiya, a hau da safe, a sauko da yamma.

Ba a kore ni ba, ba a kuma gode mini ba. Malam Bukar ya yi sati bai amsa gaisuwata ba. Sai ranar da muka hau, muka tarar da randunan ƙauyen a kafe, ya matso yana haki.

"Kande, goran ruwan nan naki akwai saura?"

Na ba shi ya sha.

Abin da na koya a aikin Turawa ke nan: ƙaramin ma'aikaci ba a sauraron bakinsa. In kana da gaskiya, ajiye ta a inda maigida zai yi tuntuɓe da ita.