Fitilun Gidan Ƙanwata

Duk zuwan da Inna take yi Yamai daga Damagaram, gidana take sauka a unguwar Bukoki. Ni ce ƴar fari, ba a taɓa ma yin shawara a kai ba. Sai shekarar da aka yi mata aikin yanar ido.

Ranar da muka dawo daga asibiti na kwantar da ita a ɗakina, na kunna doguwar fitilata mai ƙugi kamar sauro. Nan take ta kare fuska da hannu. Likita kuwa ya ja mana kunne game da haske mai ƙarfi. Da na kashe, sai ta kasa ganin butarta. Ina tsaye kan kujera ina ɗaura wa fitilar tsohon kallabi, autarmu ta yi sallama.

Ta dube ni, ta dubi kallabin. Ta ce, "Yaya, da kin bari na tafi da ita gidanmu a unguwar Filato. Fitilunmu suna rage haske da kansu."

Na jira Inna ta ce a'a. Ba ta ce ba.

Na bi su da kayanta. Mijin ƙanwata ma'aikaci ne a wata minista, wato ma'aikatar gwamnati, mai son sabon abu. Ya zagaya da mu yana bayani. Da rana fitilun suna lafawa, in magariba ta gabato sai su taso a hankali, ja-ja kamar garwashi. In ka doshi banɗaki, wasu ƙanana a gindin bango su kama tun kafin ka lalubi komai. Duk daga waya ake juya su.

Inna ta taka, hanya ta haskaka a gabanta. Ta tsaya, ta ja baya, ta sake takawa. Sai ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. "Ikon Allah! Wannan fitila ta san mutum."

Na ce, "To in an ɗauke kuran, ba lantarki fa?"

Mijin ya nuna sama, ya ce akwai na'urar tara wutar rana a kan rufi.

Kullum da hantsi nakan dama kunun tsamiya in hau taksi in kai mata. Ta sha, ta sa albarka, sannan ta shiga ba ni labarin fitila: yadda take tashe ta da asuba ba tare da ta soki idonta ba, yadda take lumshewa in ta kwanta. Ni kuwa ina neman aibu. Na ce hasken yana sa mutum kasala. Na ce gidan kamar otel.

Wata Laraba masu gidan duk suna wurin aiki, hadari ya haɗo, ɗakin ya dushe. Inna tana son tsefe carbinta da ya harɗe, ta ce a ɗan ƙara haske. Na miƙe da saurina, ga dama ta samu. Na danna wani maɓalli a bango. Fitilun ɗakin gaba ɗaya suka kama, fari fat. Inna ta yi salati, ta cusa fuska cikin mayafi. Na danna wani, labule ya fara tafiya. Na sake dannawa, ba abin da ya ragu. Sai na kira ƙanwata a waya.

Ta ce, "Kar ki damu, Yaya, bari in gyara."

Ina riƙe da wayar hasken ya sauka a hankali. Tana can ofis, ta yi wa Inna abin da ni da nake gabanta na kasa. Inna ta ɗago ta ce, "Allah ya yi mata albarka." Na ce amin, amma a taksi sai da na share hawaye.

A makon na shiga kasuwa na sayo ƙwan fitila mai ɗan telekomand, wanda ake rage shi ana ƙarawa daga nesa. Na sa aka cire doguwar, aka ɗaura shi. Na gyara gado, na yi turaren wuta, na jira.

Inna ba ta biyo ta Bukoki ba sai ranar komawarta, da azahar, mota tana jiranta a ƙofa. Na rufe tagogi duka don ta gani. Na rage hasken, na ƙara, na sake ragewa.

Ta ce, "Ya yi kyau. Buɗe tagar nan, zafi zai kashe mu."

Ta ci tuwona har da neman ƙari, ta yi salla, suka wuce tasha.

Da la'asar maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta tarar da ni zaune ina wasa da telekomand ɗin. Ta saki baki tana kallon silin, ta ce, "Hajiya, ina kika samo wannan?"

Na san shagon sarai, har da layin. Na ce mata na manta.